Bolt 12 Ba Ya Jan Mutum, Amma Yana Ƙona Shago

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu a sana'a da ke zaune a sahun gaba, malaman da suka zo da ɗalibansu, 'yan'uwana masu aikin wayarin, ina yi muku barka da wannan lokaci. Da aka ce in zo in yi magana kan dokokin wayarin, na duba littafin da ya haura shafi 500, na ce ko kwana za mu yi a nan ba za mu ci rabinsa ba. Sai na zaɓi wuri guda wanda bai fi ɗan yatsa tsawo ba, wato inda waya ta haɗu da waya a bayan fitila, musamman fitilun nan masu bolt 12 da bolt 24 da suka cika silin ɗin gidaje da shagunanmu.

Na zo da wani abu a aljihu. Malam, taimaka ka karɓa, a riƙa miƙawa har bayan ɗaki. Wanda ya karɓa ya shinshina. Kwanekta ce, irin farar nan mai noti biyu-biyu, ko da yake yanzu ta koma baƙin dunƙule. Na ciro ta ne daga silin ɗin wani shagon atamfa da leshi. Mai shagon ya kira ni saboda kullum da yamma yana jin ƙaurin roba, ya duba ko'ina bai ga komai ba. Da na leƙa sama sai na tarar da fitilun halojin guda shida, kowace wat 50, an haɗa su da taransifoma ɗaya, kwanektar nan tana kwance tsirara a kan katako, katakon ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Muka kira yaron da ya yi aikin. Da ladabinsa ya ce mini: “Injiniya, ai bolt 12 ne. Ko da harshe ka lasa ba abin da zai yi maka.”

Ban yi masa faɗa ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ni ma da wannan fahimtar na fara aiki. Ɗaya rabin shi ya kawo ni nan yau.

Kafin mu yi nisa, akwai rikicin suna da ya kamata mu warware. A bakinmu, idan aka ce ƙaramar wuta, bolt 12 ake nufi. A littafin doka kuwa ba haka ba ne. Abin da doka ke kira ƙaramar wuta ya kai har bolt 1,000 a wutar gari, da bolt 1,500 a wutar batir. Ke nan bolt 230 da ke soket ɗin gidanka, wanda ya isa ya kashe ƙato, a wurin doka ƙaramar wuta ce. Wanda bai wuce bolt 50 a wutar gari ba, ko bolt 120 a wutar batir, shi ake sa wa a wani aji na ƙasa da wannan, mu kira shi ƙanƙanuwar wuta. Fitilunmu na bolt 12 a nan suke. Na faɗi wannan ne domin in kun ga takardar kaya ta ce fitilar ƙaramar wuta, kada ku kai hannu sai kun karanta lambar da ke jiki.

To, me ya ƙona kwanektar da ke yawo a hannunku? Lissafi ne na aji ɗaya. Wat shi ne bolt sau amfiya. Fitilar wat 50 a kan bolt 230 tana shan abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ɗaya ba. Fitilar wat 50 a kan bolt 12 tana shan amfiya 4 da ɗan ɗori. Ku kwatanta da dutsen guga na wat 1,000 a kan wutar gida, shi ma amfiya 4 da ɗan ɗori yake sha. Wato ɗan ƙwan nan da bai fi bakin kofin shayi faɗi ba, abin da yake ja ta cikin waya daidai yake da na dutsen guga. Shida daga cikinsu amfiya 25 ke nan. Wa a cikinmu zai jona dutsen guga shida a kan kwanekta ɗaya, ya jefa ta cikin silin a kan busasshen katako, ya karɓi kuɗinsa ya tafi? Babu. Amma da fitila muna yi kullum, don kawai ba ta ja.

Waya ba ruwanta da bolt wajen yin zafi, amfiya take ji. Wani Bature mai suna James Joule, mutumin yankin Manchester a Ingila, shi ya tabbatar tun wajen 1840 cewa zafin da ke tashi a waya yana bin amfiya sau amfiya sau turjiyar wurin. In amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka goma, zafi ya ninka ɗari. Ku ɗauka notin kwanekta ya ɗan saki, haɗin ya samu turjiya ta kashi ɗaya cikin goma na om. A ɓangaren bolt 230, fitilun nan shida suna jan amfiya 1.3, zafin da zai taru a wurin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ba, ko ɗumi ba za ka ji ba. A ɓangaren bolt 12, ko da turjiyar ta ɗan rage amfiya, wannan sakin noti ɗaya zai tara zafin da ya haura wat 40. Abin da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi ke nan. Kuma duk zafin a wuri ɗaya yake, wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a cikin robar da aka yi ta don kada wayar cikinta ta wuce digiri 70.

Abin ba a rana ɗaya yake faruwa ba, shi ya sa yake yaudara. An kunna fitila, jan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. An kashe, ya huce ya tsuke. A garinmu kuma, ban da kunnawa da kashewar mai shago, ana ɗauke wuta ana kawowa sau da yawa a yini, a koma janareta, a dawo. Kowane zagaye noti yana ƙara saki. Zafi yana sa fuskar wayar ta yi baƙi, baƙin nan yana ƙara turjiya, turjiya tana ƙara zafi. Wata shida, shekara guda, sai ƙauri ya fara.

Wani zai ce, ina fis, ina bireka? Suna nan, kuma ba za su motsa ba. Fis yana ƙonewa ne in amfiya ta yi yawa. Sakin haɗi kuwa rage amfiya yake yi, don haka a wurin fis komai lafiya. Na'urar nan mai yanke wuta in ta zurare ƙasa, mai miliamfiya 30, ita ma ba ta ga laifi ba, domin wuta ba ta bar hanyarta ba, kuma tana can ɗaya gefen taransifoma. Duk masu gadin da muka jera a allon rarraba wuta ba sa ganin wannan ɓarawo. Wanda ya rage shi ne akwatin da aka rufe haɗin a ciki.

Yanzu mu zo ga doka. Wayarin ɗin da muka gada a Nijeriya na Ingila ne, daga filogi mai ƙafa uku har zuwa littafin da aka koyar da yawancinmu da shi a makarantun koyon sana'a. Littafin nan, wanda yau ake kira BS 7671, ya fara fitowa a 1882, 'yan shafuka ne kawai, shekara goma sha huɗu kafin wutar lantarki ta iso Legas a 1896. Abin da nake so ku lura da shi shi ne sunan da aka sa masa tun farko: ƙa'idojin hana gobarar da ke tasowa daga hasken lantarki. Gobara, kuma daga fitila. Tun ranar farko damuwarsu ke nan. Bugu na 18 ya fito a 2018, an yi masa gyare-gyare bayan nan, kuma tushensa ɗaya da ƙa'idar duniya ta IEC 60364, wadda ita ma dokar Faransa da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka fi sabawa da ita take bi. Saboda haka abin da zan faɗa bai tsaya a kan iyaka ba.

Sashe na 526 shi ne na haɗin waya. Abu na farko da yake nema shi ne haɗin ya riƙe wuta na dogon lokaci, ya kuma zama mai ƙwari. A nan murɗe waya biyu da filaya ya faɗi jarrabawa tun kafin a zo maganar rufi. Abu na biyu, kada nauyi ko ja ya sauka a kan haɗin. Duk wanda ya taɓa zaro fitila daga silin ya ga taransifoma tana lilo a jikin wayarta ya san abin da ake nufi. Shi ya sa akwatin kirki yake da maƙalar da ke danne rigar waya ta waje, in an ja, rigar ce za ta ji, ba notin ba.

Amma zuciyar maganar tana 526.5. Ma'anarta a Hausa ita ce duk ƙarshen waya da duk haɗi a wayar da ke ɗauke da wuta, dole ya kasance a cikin ɗayan wurare uku. Ko dai a cikin kayan haɗi da aka ƙera don haka, kamar akwatin haɗi ko kan fitilar silin. Ko a cikin jikin na'urar kanta, in an yi mata wurin haɗi mai murfi. Ko kuma a cikin gurbin da kayan gini marasa cin wuta suka kewaye, kamar ramin da aka sassaƙa a bangon bulo aka rufe da fuskar makunni. Na karanta wannan doka sau da yawa ina neman inda ta ce ban da bolt 12, babu. Kuma wayar da ke ɗauke da wuta a ma'anar littafin ta haɗa har da nutural, wadda yaranmu suke bari a buɗe wai don ba ta kunna testa.

Wannan zaɓi na uku shi ne inda wasu ke fakewa. Na taɓa jin wani yana cewa ai silin ɗinsa POP ne, POP kuma ba ya cin wuta, don haka silin ɗin gaba ɗaya akwati ne. Allah ya ba shi haƙuri. Gurbi shi ne abin da ya kewaye haɗi ta kowane gefe. Cikin silin fili ne, akwai katakon rufi, akwai buhun da masu POP suka bari, akwai ledar siminti, akwai ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, akwai sheƙar ɓera. Ɓera kuma shi ne babban mai safarar tsumma da takarda zuwa duk inda ya ji ɗumi.

Akwai kuma wata doka kusa da ita, 526.8, da mutane ba su cika kula da ita ba. Wayar gida riga biyu gare ta: ta ciki mai launi, da ta waje mai kauri. In ka feɗe ta waje, duk tsawon da ka feɗe dole ya shige cikin akwati. Bai halatta a ga ja da baƙi, ko ruwan ƙasa da shuɗi, suna leƙowa tsawon taƙi guda a wajen murfi ba. Rigar ciki don tsare wuta aka yi ta, ba ta da ƙarfin jure gefen kwano, kan ƙusa ko haƙorin ɓera.

Kun ga ashe abu biyu ne doka ke nema, mu kuma muna haɗa su mu mai da su ɗaya. Akwai riga, akwai ɗaki. Riga tana hana waya taɓa 'yar'uwarta ko taɓa mutum. Ɗaki yana tsare haɗin daga bugu da ja da ƙura, sannan in haɗin ya lalace ya yi zafi ko ya yi tartsatsi, ɗakin ya riƙe abin a cikinsa har a ji ƙauri ko fitila ta mutu a zo a duba. Mutum yana iya sa riga mai kyau ya kwana a waje, ruwa ya yi masa duka.

Wannan ya kawo mu ga baƙin tef, abokin tafiyarmu. Ba na zaginsa, akwai shi a jakata yanzu haka. Amma tef ba ya matse waya, ba ya hana ja, ba ya riƙe wuta in ta tashi. Ko a matsayin riga ma, ƙarfinsa a gam ɗinsa yake, gam kuwa ba ya son zafi. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, iskar waje tana haura digiri 40 a inuwa. Wanda ya taɓa shiga silin ƙarƙashin kwano da azahar a bazara ya san can wata duniya ce, minti biyar ka fito kamar an tsamo ka daga rijiya. Ku koma aikin da kuka naɗe da tef shekara biyu da suka wuce, za ku tarar ya warware da kansa, ko ya bushe yana karyewa kamar ganyen kuka. Kwanekta a naɗe da tef ita ma ba ta zama akwati ba. A Ingila, masu binciken wayarin gidaje suna sa haɗin fitila marar akwati a ajin da suke kira C2, wato abu mai iya jawo haɗari da ke buƙatar gyara da gaggawa, kuma gidan da aka samu irinsa ba ya cin jarrabawar binciken. Can ƙasar sanyi ke nan.

Matasanmu kuma sun zo da sabon yayi, kwanektar nan mai ɗan marfi da ake ɗagawa a danna, irin ta kamfanin Wago na Jamus. Ina son ta ƙwarai, in ta gaske ce. Tana da ƙarfen da ke ci gaba da matse waya ko ta buɗe ko ta tsuke, don haka ta magance matsalar sakin noti. Sai dai ta magance haɗi ne kawai. Wayoyin da suka shiga cikinta an feɗe musu rigar waje, ba abin da ya danne su, saboda haka ita ma tana buƙatar akwatinta. Kamfanoni suna yin ƙananan akwatuna daidai da ita, masu wucewa ta ramin fitilar silin.

Maganar rami ta tuna mini da 526.3, wadda ta ce kowane haɗi ya zama ana iya kai wa gare shi don dubawa da gwaji da gyara. Haɗin da ke bayan fitilar da ake zarowa ya cika wannan sharaɗi, muddin wayar ta kai a jawo akwatin ta ramin. Wanda aka binne a bayan POP, nesa da kowane rami, bai cika ba, sai in irin haɗin da doka ta keɓe ne, kamar wanda aka matse da injin matsewa, ko akwatin da ke ɗauke da alamar MF, wato wanda ba ya buƙatar a koma masa. Akwati mai noti a binne shi inda ba mai sake ganinsa, wannan ajiye wa magaji rigima ne.

Na san akwai masu karatu a cikinku da za su ce, Injiniya, ai littafin da kansa ya yarda a bar ƙanƙanuwar wuta ba riga. Haka ne, kuma gara in faɗa da bakina. A tsarin da ake kira SELV, wato inda wutar ta fito daga taransifoma ta musamman da ta raba ta gaba ɗaya da wutar gari da kuma ƙasa, in ba ta wuce bolt 25 a wutar gari ko bolt 60 a wutar batir ba, kuma wurin busasshe ne, doka ba ta tilasta a kare mutum daga taɓa ta ba. Shi ya sa za ka ga wasu manyan shaguna an ja tsirarar waya biyu a sama an rataya fitilu a jiki. Amma wannan sassauci na jan mutum ne, bai shafi gobara ba. Ku buɗe sashe na 715, wanda aka ware wa irin waɗannan fitilu, ku ga abin da aka ɗora a kan tsirarar wayar nan. Kaurinta kada ya gaza milimita 4 murabba'i. Kada a ɗora ta a kan abin da ke cin wuta. In duka wayoyin biyu tsirara ne, ɗaya daga cikin hanyoyin kariyar da aka amince da su ita ce na'urar da ke lura da abin da fitilun ke sha, ta yanke wuta cikin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa in ya ƙaru da fiye da wat 60. Wanda ya jefa kwanekta a silin ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi. Sashen ya kuma hana a mai da ƙarfen gini, kamar bututu, ya zama hanyar wuta. Na faɗi wannan saboda masu shagon kwantena, inda wasu ke kwaikwayon wayarin mota su ɗaure waya ɗaya a jikin ƙarfen shagon don tsimin waya.

Wani abin da ke ba ni tsoro shi ne cakuɗa wuta biyu a wuri ɗaya. In wayar bolt 12 da ta bolt 230 za su bi bututu ɗaya ko su kwana a akwati ɗaya, sai an raba su da shinge, ko kuma kowace waya a wurin rigarta ta zama mai jure babbar wutar. 'Yar siririyar wayar sifika da wasu ke ja wa fitilun ado ba ta da wannan riga. Ran da ta goge ta taɓa babbar, duk fitilun da aka bari tsirara don “ai 12 ne” sun koma 230, har da na jikin madubi da na ƙarƙashin kanta inda yara ke wasa. Haka kuma ita taransifomar ko direban fitilar, bakinta ɗaya 230 ne. Tana zuwa da ɗan murfin roba da maƙala, sai mu cusa waya biyu masu kauri, murfi ya ƙi rufuwa, mu jefar da shi. In waya ta shiga ta fita zuwa fitila ta gaba, a yi haɗin a akwati dabam, a fitar da waya ɗaya zuwa direba. Sannan a sani, akwai direbobi masu araha a kasuwa da ba su raba fitila da wutar gari ba sam. In ba ka ga alamar SELV a jiki ba, ka ɗauke shi a matsayin mai kisa.

Ga tambayar da na san tana zuwa: ai halojin ya wuce, yanzu LED ake yi, ba ta zafi, ba ta shan wuta. Ƙwan LED na wat 5 kam ya rage mana damuwa sosai, ba musu. Amma ku duba fitilar nan mai kamar igiya da ake zagaya POP da ita. Akwai mai shan wat 14.4 a kowace mita. Naɗi ɗaya na mita 5 wat 72 ke nan, amfiya 6 a kan bolt 12. Falon Alhaji ya ci naɗi huɗu, an koma amfiya 24, kusan inda muka baro shagon atamfa. Kuma haɗinta ya fi na halojin rauni, 'yan wayoyi ne kamar zare, a murɗe, a naɗe da tef, a tura bayan ado.

Sai sola, wadda a ganina ita ce babbar hanyar da wannan matsala za ta bi ta shiga kowane gida da kowane ƙauye. Taransifomar fitila ko ba komai tana da iyakar abin da za ta iya bayarwa, mai kyau kuma tana yanke kanta in an matsa mata. Batir ba shi da wannan kunya. Batirin bolt 12 mai lamba 200, in wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya turo ɗaruruwan amfiya, har dubbai, nan take. Ku tambayi bakanike abin da ke faruwa in sifana ta faɗa kan kawunan batir biyu. A gidajen da nake shiga, sau da yawa ina ganin an kama kan batir da maƙalar caji, an ja waya ta bi ta azara ko ta cikin jinka zuwa ɗakuna, ba fis ko ɗaya, kowane reshe murɗi ne da leda. Fis a dab da kan batir, da akwati a kan kowane reshe, su ake buƙata.

Kauri kuma yana da nasa hukunci. Sashe na 715 ya sa mafi ƙarancin wayar irin waɗannan fitilu milimita 1.5 murabba'i ta jan ƙarfe, da ɗan sassauci ga gajeriyar waya mai laushi da ba ta wuce mita 3 ba. Ya kuma ce faɗuwar wuta daga taransifoma zuwa fitila ta ƙarshe kada ta wuce kashi 5 cikin 100. Kashi 5 na bolt 12 bai wuce 0.6 ba. Waya mai 1.5 da ke ɗauke da amfiya 4 tana zubar da wannan a cikin mita 5 kacal. In ka ga fitilar ƙarshe ta dushe, wutar da ta ɓata ba iska ta bi ba, zafi ta zama a cikin silin. Wannan lissafi kuma na jan ƙarfen gaske ne. Wayar alminiyam da aka shafa wa jan launi turjiyarta ta fi haka, kuma tana lotsewa a ƙarƙashin noti. Ku riƙa kankare bakin waya da wuƙa tun a shago, in fari ya fito ku ajiye musu kayansu.

Na san inda gizo ke saƙa. Za ka rubuta akwatin haɗi ashirin a lissafi, mai gida ya ce, “Wannan kuma na mene ne? Wane ya ce zai yi mini ba tare da su ba.” Mutumin da ya kashe miliyoyi a kan tayil da POP zai tsaya yana ciniki a kan abin da ba ya gani. Ni abin da nake yi, ina ciro wannan baƙar kwanekta in ajiye masa a tafin hannu, in ce, “Ranka ya daɗe, wannan daga saman kayan wani ta fito.” Ba kowa ke yarda ba. Na rasa ayyuka a kan haka, kuma ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Amma muna da hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa don binciken ayyukan lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, akwai kuma ƙa'idojin NESIS da hukumar NERC ta fitar a shekarar. Wanda yake riƙe da wannan shaida, sunansa ne a kan aikin, kuma jami'in bincike ba zai shiga kowane silin ba. Daga kai sai yaronka sai Allah kuka san abin da ke can sama.

Iyayenmu masu yara a hannu, roƙona gare ku yake. Yaron shagon atamfa bai ƙirƙiro maganarsa ba, a wurin maigidansa ya ji ta. Gobe in kun fita aiki, ku sa yaranku su yi lissafin nan da hannunsu, wat a raba da bolt, su ga amfiya da idonsu. Ku kuma zaɓi aiki ɗaya da kuka yi shekara biyu ko uku da suka wuce, ku nemi izinin mai gidan, ku kashe wuta, ku zaro fitila ɗaya ku duba bayanta kafin hunturu ya shigo.

Wanda kwanektata take hannunsa a can baya, don Allah a dawo mini da ita, ina da wani zaman da ita ranar Asabar.